Ɗan aku mai cizo: yadda ake saba masa da hannu

Masu wucewa ta ƙofar shagona in suka hango akuna Tanko a kan sandarsa, tambayarsu ba ta wuce ɗaya: "Malam, yana magana?" Wanda ya taɓa riƙon aku ne kaɗai yake tambaya ko yana cizo. Ni tela ne a Zariya, da kiwon tattabaru na tashi, aku kuwa a kwali aka kawo mini shi. Wani surukina ne ya saya wa yara, ba a jima ba ya fasa wa autarsu yatsa, uwargida ta ce ko ita ko tsuntsun a gidan. Yanzu Tanko yakan sunkuyo in sosa masa ƙeya, ya miƙo ƙafa in duba farce, in ɗaga masa fiffike ko gezau. Hanyar da ta kai mu nan jigonta ɗaya ne: aku ba ya sakin jiki da hannun da ba ya jin bari. Sai ya tabbata cewa in ya kauce za ka janye, sannan zai fara matsowa da kansa.

Ka fara da sanin wanda yake hannunka. Akun da muka fi sani, mai launin toka da jar wutsiya, ba ɗan ƙasar Hausa ba ne. Tsuntsun kurmi ne, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru da Gabon da Kwango. Nauyinsa wajen giram 400 ne, in ya samu kulawa kuma yana kai shekara 40 zuwa 50, wani ma ya zarce. Ke nan cizon da ka bari ya zama hali bana, jikokinka ma za su iya ɗanɗana shi. Idonsa ke tona shekarunsa. Na jariri baƙi ne ko toka mai duhu, cikin shekarar farko ya riƙa washewa, na babba kuwa ruwan ɗorawa ne mai haske. Mai sayarwa zai rantse maka cewa watansa huɗu, kai dai dubi ido.

Babban aku da aka kamo da danƙo a daji, da ka matso zai manne a kusurwar keji yana wani irin gurnani da ba ka zaci tsuntsu na iya yi ba. Shi ma hanyar nan za a bi da shi, amma aikin na iya cin shekara, wani kuma har abada ba zai yarda a taɓa shi ba, sai a girmama shi a haka. Tun taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun daji, na 2016 a Johannesburg ta Afirka ta Kudu aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda yadda suke ƙarewa. A Gana kaɗai, binciken da aka fitar a wancan lokaci ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 sun ɓace daga 1992. Ni shawarata kada ka sayi kamun daji, nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo. In kuwa ya riga ya shigo gidanka, haƙƙinsa ya hau wuyanka. Mai tsirya ko wani ƙaramin aku shi ma duk abin da zan faɗa ya shafe shi, bakin ne kawai bai kai wannan ƙarfi ba.

Ba duk kai baki ne cizo ba

Aku yatsu biyu gare shi gaba, biyu baya, bakinsa kuma shi ne ƙafa ta uku wajen hawa. Da shi yake taɓa abu ya ji taurinsa, domin ƙarshen bakin cike yake da jijiyoyin ji, ga harshe mai kauri da yake lalube da shi. Ɗan akun da bai daɗe da yaye ba, wato ɗan wata 3 zuwa 4, komai ya gani sai ya kai baki: maɓalli, zobe, farce, kunne. In ka miƙa masa hannu don ya hau, sau da yawa bakin zai fara turowa ya gwada ko abin zai ɗauke shi. To a nan ake ɓata lamari. Mutum ya ga baki ya nufo shi, ya fizge hannu, tsuntsu ya tafi luu kamar zai faɗi. In aka maimaita haka, abin da zai koya shi ne hannu ba abin dogara ba ne, gara ya damƙe shi da ƙarfi kafin ya gudu.

Mai gwaji a hankali yake zuwa, baki a ɗan buɗe, harshe na motsi, gashin jiki a sake. Tsaya cak, bar shi ya gama bincikensa. In ya fara matsawa har ka ji zafi, ce masa "a hankali" da murya ƙasa-ƙasa, ka sa masa wani abin tauna a baki da ɗaya hannun. Ni ba na rabuwa da guntun reshen gwaba da na wanke a aljihun gaba. Kwali marar tawada ma ya yi, kwakwar manja kuwa abincinsu ne tun a daji, ɗaya takan ɗauke masa hankali tsawon lokaci. Abin da ba za ka yi ba shi ne wasan kokawa da bakinsa da yatsanka. Yana ƙarami abin dariya ne, amma baki mai ƙarfin gaske kake koya wa cewa yatsa abin wasa ne.

Cizo na gaske kuwa ba ya zuwa babu sallama. Kafin ya iso, tsuntsun ya yi ta magana da jiki. Mafi sauƙinta, ya kau da kai ko ya karkata jikinsa nesa da hannunka, ko ya ɗan ja da baya a kan sanda. In tsoro ne, gashi zai manne masa a jiki, ya miƙe ya zama siriri, ido a zare, yana neman hanyar gudu. In faɗa ne, gashin ƙeya da na kafaɗa zai tashi, wutsiya ta baje, ya yi ƙasa da kai baki a buɗe. Sannan akwai ƙwayar ido da take tsukewa tana buɗewa da sauri. Wannan alamar zumuɗi ce, ko na murna ko na fushi, kuma a duka biyun ba lokacin kai hannu ba ne. A idon jariri da wuya ka gan ta saboda duhunsa, sai ka dogara da sauran.

Akwai wata dabara da masu jar wutsiya suka shahara da ita. Zai sunkuyar da kai kamar mai neman susa, kana kai yatsa ya juyo ya cafke. Bambancin yana ido. Mai neman susa da gaske idonsa a lumshe yake ko yana kallon ƙasa, gashin wuya ya buɗe sako-sako. Mai shirin cafka kansa na ƙasa amma ido ɗaya na kanka, jikinsa a ɗaure.

Wata tsohuwar farfesa a Jami'ar Jihar Utah ta Amurka, Susan Friedman, ta daɗe tana koya wa masu riƙon aku cewa su daina laƙaba wa tsuntsu suna, mugu ne ko mai taurin kai ne, su dubi abu biyu: me ya faru dab da cizon, me kuma ya biyo bayansa. Gwada wannan a gidanka. Ka kai hannu, ya kau da kai, ka ci gaba. Ya ja da baya, ka bi shi. Ya buɗe baki, ka ce ai ba zai raina ka ba. Ya ciza, sai ga shi ka janye. A lissafinsa, duk maganar da ya yi a hankali ba ta yi aiki ba, cizon ne ya yi. Gobe ba zai ɓata lokaci da kau da kai ba, kai tsaye zai wuce ga abin da ke aiki. Akun da ake cewa yana cizo babu gargaɗi, mutane ne suka koya masa cewa gargaɗin ba shi da amfani. Maganinsa ka riƙa janyewa tun a alama ta farko. Wasu za su ce ka ba shi kai ke nan. Ni abin da na gani, tsuntsun da aka saurari ƙaramar maganarsa ba ya bukatar babba.

In ya riga ya cije ka

Kada ka fizge, fizga ce take yaga nama. Daure, ka yi shiru, ka sauke shi a kan sanda ko bayan kujera mafi kusa, ka juya masa baya na ɗan lokacin da bai kai minti ɗaya ba, sannan ka dawo kamar ba a yi ba, ka nemi wani abu mai sauƙi da ya iya don ku rabu lafiya. Ihu ba ya hana shi. Wani ma nishaɗi yake ba shi, kuma kada ka manta da wa kake hulɗa: "wayyo Allah" ɗinka zai dawo maka da muryarka ranar da ka yi baƙi.

Ɗalle masa baki da yatsa, girgiza keji, watsa masa ruwa, jefa shi cikin duhu, duk na ji ana ba da shawararsu, kuma duk tsoron hannu suke ƙara masa. Mafi muni shi ne horo da yunwa, wai a hana shi abinci har ya sauko. Ban da alhaki, ɗan tsuntsu ba ya jure yunwa, kafin ka ankara ya galabaita. Safar hannu ma ban yarda da ita ba. Tana firgita shi, kai kuma tana sa ka daina kula da alamunsa tunda ba ka jin zafi. Keji kuwa ɗakinsa ne, in ka mai da shi gidan kaso, mayar da shi ciki kullum sai an yi dambe.

Daga nesa zuwa kan hannu

Sai ka nemi abin da ransa ya fi so. Zuba abubuwa iri-iri a faranti, kashu marar gishiri, 'ya'yan kabewa, guntun ayaba, ɗanyar masara, dabino, ka ga wanda yake fara ɗauka. Wannan ka cire shi daga abincin yau da kullum, ya zama daga hannunka kaɗai ake samunsa. Na Tanko kashu ne. Farfasa shi ƙanana kamar ƙwayar dawa, don ya haɗiye nan take ku ci gaba. Gyaɗa ma suna sonta, amma a kula, wadda ta ji damshi tana ɗauke da funfuna mai lalata hanta da huhun tsuntsu. In ba wadda kai ma za ka ci ba ce, kada ka ba shi.

Zaman horo minti 3 zuwa 5 ya isa, da hantsi kafin ya cika ciki da kuma bayan la'asar. Ka tashi tun yana marmari.

In har yanzu ganinka na sa shi ja da baya, kada ka kai hannu tukuna. Ja kujera ka zauna daidai inda ba ya damuwa da kai, ka yi sabgarka, ka riƙa yi masa magana ba tare da ka ƙura masa ido ba, domin ido biyu a kansa kallon mafarauci ne. Ni a nan sana'ata ta taimake ni, kejin na gefe ina ta taka keke, har ya gane ba shi ne a gabana ba. Duk wucewa ka jefa ƙwayar kashu a kofinsa ka yi gaba. Kullum ka ɗan matso da kujerar. Randa ka ga yana tahowa gefen da kake, miƙa masa ta tsakanin wayoyin keji. In kana tsoron bakin, sa a cokali ko ka ba shi dogon yanki.

Daga nan ka zaɓi kalma guda gajeriya da za ta zama alamar cewa ya yi daidai, tukuici na tafe. Tawa "yauwa" ce. Sharaɗinta biyu: a faɗe ta daidai lokacin da ya yi abin, ba bayan ya wuce ba, kuma duk faɗarta sai kashu ya biyo baya.

Sai tsinke. Samu tsinken tsire ka gutsure tsininsa. Nuna masa ƙarshen kusa da baki, son bincike zai sa ya taɓa. Yana taɓawa, "yauwa", kashu. In ya tsorata da shi, ajiye shi nesa inda yake hangowa na wasu kwanaki, don wannan tsuntsu akwai shi da ƙyamar baƙon abu. In ya gane wasan, matsar da tsinken ya zama sai ya miƙa wuya, sannan sai ya yi taku ɗaya, sannan ya bi shi daga wannan gefen keji zuwa wancan. Kada ka raina wannan mataki. Da shi za ka riƙa kai shi duk inda kake so ba tare da ka kama shi ba, shi kuma ya koyi taɓa abu da baki a hankali, tunda in ya gartsa wa tsinken babu tukuici.

Yanzu buɗe ƙofa ka bar shi ya fito bakinta da kansa. Cusa hannu cikin keji kana farautarsa shi ne kan gaba wajen jawo cizo. Riƙe guntuwar sanda mai kaurin muciya ƙarama a gabansa, ɗan sama da ƙafafunsa, domin hawa ya fi masa sauƙi a kan sauka. Sa tsinken a bayan sandar yadda sai ya taka ta zai kai. Ƙafa ɗaya ta hau, ba shi. Daga baya sai biyu. Ce "hau" duk lokacin da zai taka. Da farko, yana hawa ka bar shi ya koma in yana so, kada ka ɗaga shi ka yi tafiya. In ya saba, riƙa matso da hannunka a jikin sandar har wata rana hannun ne zai taka. Haɗe yatsu, lanƙwashe babban yatsa ciki, ka tsayar da hannun kada ya yi rawa. Ba na tura masa hannu a ciki don in tilasta shi hawa. In na ce "hau" ya kau da kai, nakan tafi da kashuna, in dawo an jima. Kusan kullum a karo na biyu ƙafa a ɗage nake samunsa.

Abu ɗaya kuma: kada ya zama duk hawa hannu ƙarshensa keji da rufe ƙofa. Wani lokaci hau, karɓi kashu, sauka. Wani lokaci a je taga a yi kallo. In za a koma keji, ya tarar da wani abin daɗi a ciki.

Taɓa jiki

Hawa hannu daban, yarda a taɓa jiki daban. Mu mun saba da shafa kyanwa da akuya, muna ɗauka kowace dabba tana so. A daji babu abin da ke dafa bayan aku sai shaho, 'yan'uwansa kuwa kai da wuya suke gyara masa, wuraren da bakinsa ba ya kaiwa. Saboda haka daga kai za ka fara, kuma kada hannunka ya zo ta sama. Ya zo ta gefe, daidai tsayin baki ko ƙasa kaɗan, inda yake ganinsa.

Ko ni da awo ne sana'ata, ba na ɗora wa mutum tef a wuya ban ce masa "ɗaga kai" ba. Haka za ka yi da shi. Ka sa wa taɓin kalma, ni "susa" nake cewa. Faɗi kalmar, ka ɗaga yatsa ɗaya nesa da kansa kamar taƙi guda. In bai motsa ba, "yauwa", kashu, janye. Maimaita har ka ga ko a jikinsa. Sannan ka rage tazarar da faɗin yatsa biyu. In ya karkata ko ya buɗe baki, ka yi sauri ke nan, koma tazarar da ta gabata. A haka har yatsan ya shafi gashin kumatu na ƙiftawar ido, ka janye, ka ba shi. Wasu sun fi yarda a fara taɓa saman baki, daga nan yatsa ya zame zuwa goshi. Tanko ta kumatu ya yarda, goshinsa ne ya zo ƙarshe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da yamma, ya ƙoshi, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana goga baki kana jin ƙaras-ƙaras. Wannan sautin natsuwa ne.

In susar ta kankama, a hankali ake yi da kan yatsa, ana ɗaga gashin ƙeya zuwa sama, ba a danne shi. Ga ƙa'idar da ta fi kowace amfani a wurina: yi susa kaɗan, kamar ka ƙirga uku, ka tsaya ka ɗan janye yatsa. In ya matso ko ya ƙara sunkuyawa, ci gaba. In ya girgije ya gyara tsayuwa, an gama. Cizon da ake sha a tsakiyar susa mafi yawa na wanda ya zarce ne.

Wani lokaci za ka ji wasu abubuwa tsini-tsini a kansa da wuyansa. Sabon gashi ne yake fitowa cikin farin kube. Wanda bai nuna ba akwai jini a gindinsa, za ka ga duhu a ciki, kuma taɓa shi da zafi, tsuntsun da ya fi kowa haƙuri ma zai ƙwalla ƙara ya kai baki. Wanda ya nuna, kubensa fari ne fat busasshe, in ka murza ƙarshensa tsakanin yatsu biyu zai rududduge. In yana wannan yanayi, rage taɓi, ƙara wanka.

Baya, ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya ba wuraren shafa ba ne, ko da ya yarda. Shafa su saƙon barbara ne a wurin tsuntsu. Yanzu yana yaro ba za ka ga komai ba, amma in ya balaga, wajen shekara 3 zuwa 5, zai ɗauke ka abokin zama, ya riƙa amayo maka abinci, ya cije duk wanda ya raɓe ka, har matarka.

Amma akwai taɓin da dole ya saba da shi don ranar lalura, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙafa: yana kan sanda taɓa yatsansa ɗaya, ba shi. Gaba ya ɗora ƙafar a kan yatsanka, gaba ka riƙe farce ɗaya, gaba ka goga masa abin gyaran farce sau ɗaya. Fiffike: taɓa kafaɗarsa, gaba ka sa yatsa ka ɗaga kaɗan ka saki. Waɗannan taɓi ne na dubawa, gajeru, ba shafa ba. Sai tawul, wanda da shi likita zai riƙe shi. Zaɓi mai launi ɗaya marar haske, shimfiɗa shi a tabarma ka watsa kashu a kai. In ya saba takawa, ɗaga gefe ɗaya ku yi wasan ɓuya, har ya yarda ya ratsa ta ƙarƙashinsa, har a lulluɓa masa a baya na ɗan lokaci. In ta kama dole ka riƙe shi, riƙe ta bayan kai a gindin muƙamuƙi, fukafukai a haɗe da jiki, kada ka kuskura ka matse ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka danne shi ka shaƙe shi ke nan ko hancinsa a buɗe yake. Nakan kuma ba shi ruwan mangwaro da sirinji marar allura lokaci-lokaci, don ranar shan magani kada ya zama baƙon abu.

Mutanen gida

In kai kaɗai kake ba da kashu, akun naka ne kai kaɗai, sauran gida abokan gaba. Kowa ya samu rabonsa na miƙa tukuici, da kalmomi iri ɗaya. Yara su fara da cokali, su zauna a ƙasa, babba na wurin, kuma a hana su tsokana da tsinke ta waya ko ihun "aku kuturu" a kansa. Kafaɗa kuwa a haƙura da ita har sai "hau" da "sauka" sun zauna daram. A can ba ka ganin alamunsa, ga kunne, ga leɓe, ga ido, ga ɗankunnen uwargida yana walƙiya.

Ƙaramin canji a jikinka babba ne a idonsa. Uwargidana ta yi lalle ana gobe Salla, Tanko da ke karɓa a hannunta kullum ya ƙi ko kallonta, sai da ta koma cokali na wasu kwanaki. Sabuwar hula, agogo, tabarau, duk suna iya jawo haka. Sannan in kyanwa ta gifta ko baƙo ya faɗo ba zato yana kan hannunka, kai zai ciza don kai ne kusa. Wannan firgita ce, sauke shi kawai. Kyanwar kuma a raba su, ko yaƙushi kaɗan daga gare ta na iya kashe tsuntsu saboda ƙwayoyin cutar da ke bakinta da faratanta.

In wanda ya saba ya koma cizo

Kafin ka ce ya canza hali, duba barci. Yana bukatar awa 10 zuwa 12 cikin duhu da shiru, akun da ke falo ana kallo har sha biyun dare ga ƙarar janareta, da safe a fusace zai tashi. Duba hunturu: tsuntsun kurmi ne, bushewar iska na sa masa ƙaiƙayi, a riƙa fesa masa ruwa mai ɗumi da rana ta yi, sama da kansa ya sauko kamar yayyafi. Duba fukafukai: in an datse su da yawa, yana tsalle zai faɗo da ƙirji, wani har fata ta tsage, daga nan ya tsani duk abin da zai raba shi da sanda. Masu jar wutsiya kuma suna yawan fama da ƙarancin sinadarin ƙashi a jini, wanda ke kawo rauni da faɗuwa, don haka ya riƙa shan hantsi kai tsaye ba ta bayan gilashi ba, da inuwar da zai koma in ya ji zafi. Hayaƙin turaren wuta da na maganin sauro da na kaskon da abinci ba ya kamawa in ya ƙone, duk a nisanta shi da su. Goro, shayi, kofi, cakulan da fiya guba ne a gare shi, komai nacinsa.

Tsuntsu yana ɓoye ciwo. In cizon ya zo da kumbura gashi yini guda, ko barci da rana a kan ƙafa biyu, ko zama a ƙasan keji, ko kashi ya canza, ko wutsiya na motsi sama da ƙasa tare da numfashi, ajiye tsinke ka nemi likitan dabbobi a ranar. Mu nan akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, a wasu garuruwan ka tambayi wanda ya saba duba tsuntsaye.

Kai ma ka kula da kanka. In bakin ya fasa fata, wanke da sabulu da ruwa mai gudu sosai, ka sa aidin. In ya yi zurfi, ko a gaɓar yatsa ne, ko washegari ya kumbura yana zafi, je asibiti ka faɗa musu aku ne, a duba maganar allurar tetanus. Kada ka ba shi abinci daga bakinka, kada ka bari ya leƙa haƙoranka. Akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga aku ta ƙurar busasshen kashinsa, mai zuwa da tari da ciwon kai, saboda haka yayyafa ruwa a ƙasan keji kafin ka share, ka wanke hannu bayan kowane zama.